Kaffarar Hayaƙi a Gonar Cindo

Idan ka sauka Wara ka bi gaɓar tafki, akwai wata tunga da ake ce wa Sabon Gungu, ko da yake ba tsibiri ba ce, tudu ne mai tsakuwa. Sunan kawai mutanenta suka tsira da shi lokacin da ruwan madatsar Kainji ya haɗiye gungunsu na asali, aka kwaso su aka zube a nan. A wannan tunga Cindo ɗan Atiku ya girma, a nan kuma ya tafka abin da har yau in an tuna sai an tofar da yawu.

Da yatsa shida aka haife shi a hannun dama, shi ya sa ake ce masa Cindo. Wata tsohuwa ta ce ai alamar arziki ce, kuma wallahi da ta san abin da maganar nan za ta haifar da ta haɗiye abarta. Tun da yaron ya yi wayo ya ji labari, ya naɗe hannu yana jiran arziki ya zo ya yi masa sallama. An kai shi su, ya ce sanyin ruwa na sa shi ciwon ƙirji. An ba shi tuƙin jirgin ruwa mai inji, ya manta da zuba baƙin mai, injin ya ƙone a tsakiyar tafki da fasinjan kasuwar Yelwa cike. Gonar albasar da ubansa ya mutu ya bar masa kuwa, ciyawa ta fi shi sanin iyakarta. Abu ɗaya ne bai taɓa gajiya da shi ba: kallon jirgin sama. Ko loma ce a hannunsa, in ya ji ƙugi a sama sai ya fito da gudu ya ɗaga kai, baki buɗe, har abin ya ɓace. Shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ya sayar da tarun ubansa ya ɗinka babbar riga, ya nufi Birnin Kebbi wai za a raba muƙamai. Ya kwana a tasha har rigar ta yi dauɗa, ya dawo da mura.

To, me yake ci? Uwarsa yake ci, Inna Hansatu mai daddawa.

Ita wannan baiwar Allah, ranar da aka zo kwashe su daga gungu, Cindo na goye a bayanta. Mutane na ta kokawa da tukwane da awaki, ita kuwa ta koma da gudu gindin ɗorawar ubanta, ta tsinci kalwa ta ƙulle a bakin zane. Da aka yanka wa mijinta gona a sabon wuri, ta shuka kalwar a gefen da ke kallon ruwa. Guda ɗaya ta rayu. Ta kewaye ta da ƙaya, ta yi ta ɗauko mata ruwa a ka daga tafki rani bayan rani, har ta zama itacen da ake kwatance da shi: in baƙo ya tambayi Sabon Gungu daga cikin jirgi, sai a ce ya dubi ɗorawar can. Kuma kowa a ƙasar nan ya san ƙa'ida, gona ta mai gona ce, itace kuwa na wanda ya shuka shi. Da Atiku ya rasu gona ta faɗa hannun Cindo, ɗorawa tana nan ta Hansatu. Daga ita take samun kalwar daddawa, da garin da yara ke sha, da makubar daɓe. Da ita ta aurar da 'yarta Jummai zuwa Shanga, da ita kuma take cika cikin wannan ƙaton.

Buri ɗaya ne da ita a duniya, ta kuma sha faɗa masa.

"Kai wanga, saurara ka jiya. Ubana na ƙarƙashin ruwa, uwata na ƙarƙashin ruwa, ko kushewarsu ban iya nuna maka. Ran da nim mutu, ban son iccen kowa bisa kaina. Reshen ɗorawag ga za ka sara, shi za a jera mani kahin a zuba ƙasa. Ka jiya ko?"

"Na jiya, Inna," in ji shi, bakinsa cike da tuwonta.

Ana nan, 'yan shekaru bayan samun jiha, sai ga wata farar mota ta tsaya ƙofar mai gari. Wanda ya fito Zaidu ne, ɗan Yelwa, amma ya daɗe a Kaduna yana aiki da wani kamfani mai kawo Turawa yawon hutu. Ga baƙin tabarau, ga malafa irin ta masu farauta, ga Hausar da yake taunawa kamar yana jin ƙyanƙyaminta. Aka tara magidanta ya yi musu bayani. Ya ce baƙinsa daga Turai suke tasowa a jirgin sama su sauka Kano, a ɗebo su a mota su zo kallon dorina da tsuntsayen tafki. To amma wai abu ɗaya na damun su. Jirgin da ke kawo su yana zubar da hayaƙi mai yawa a sama, hayaƙin kuma yana ƙara wa duniya zafi. Itace kuwa yana shan irin wannan hayaƙi. Saboda haka kowane baƙo zai dasa itace da hannunsa kafin ya koma, don ya goge laifin tafiyarsa.

Wato dai kaffara. Mutum ya ƙone man da zai ishi injinan jiragen ruwan Yauri kaf, ya zo ya kalli dorina tana hamma, sa'an nan ya tsuguna ya soka tsinke a ƙasa ya ce an yi biyan bashi. Samuel, wani Bakambare da gonarsa ke maƙwabtaka da ta Cindo, ya yi gyaran murya ya ce, "Ranka shi daɗe, in hayaƙin na da illa haka, mi zai hana su zamna gidajensu?"

Zaidu ya cire tabarau ya dube shi sama da ƙasa. "Ai su hutu dole ne gare su. Ba irinku ba ne."

Abin da ya kawo shi fili ne, kusa da ruwa, kuma wanda babu itace ko ɗaya a cikinsa. Ya ce baƙinsa so suke su ga wurin da hamada ta cinye, su ji a ransu su ne suka ceto shi. Fili mai inuwa ba ya ba su tausayi, kuma ba ya kyau a hoto. Sa'an nan ya jefa ƙugiyar da ta kama babban kifi: wai wanda aka ba kula da itatuwan, ba mamaki wata rana a ɗauke shi a jirgi zuwa Turai ya yi wa mutane bayani. Kai! Cindo ji ya yi yatsansa na shida na ƙaiƙayi. Ya riƙe wa Zaidu jaka, ya sha gabansa har gonarsa. Zaidu ya tsaya ya dubi tafki shimfiɗe, ga dorina can suna huci, ya jinjina kai. Sai ya juyo ya ɗaga ido ya dubi ɗorawar Inna.

"Kash! Wurin ya yi, da ba don wannan ba."

Bai ce a sare ba, a yi masa adalci. Ɗan duniya ne, ya san inda ake tsayar da magana a bar wawa ya ƙarasa. Ya ce zai duba wasu tungaye, ya shiga mota.

Shaiɗan kuma ya gyara wa Cindo hanya, don a kwanakin nan Jummai ta haihu, Inna ta tafi Shanga wankan jego. Kumfar jirgin da ya ɗauke ta ba ta gama kwantawa a ruwa ba ya nufi Wara ya ɗauko mai injin yankan katako. Lokacin ɗorawa na cikin fure, jajayen tutu na reto, ƙudan zuma na ta kuka a kai. Shi kansa mai injin sai da ya ja baya ya tambaya ko an shawarci mai ita. Samuel ya jefar da fartanya ya tsallako iyaka.

"Cindo, iccen tsohuwa ne hwa. Ka ji tsoron Allah."

"Gonata ce ko taka?"

"Gonarka ce. Iccen ba naka ba ne."

"To, in ta dawo ta kai ni ƙara. Ku ba ku san ci gaba ba."

Injin ya yi kuka rabin yini. Da ta faɗi sai da ƙasa ta girgiza, mata suka fito daga gidaje suna salati. Kada a ce mutumin nan ba shi da zuciya ko kaɗan, yana da ita, ƙarama ce dai kamar ta ƙadangare. Ya tuna da maganar Inna, ya zaɓi wani reshe miƙaƙƙe mai kauri, ya ja shi gefe ya jingine a bayan rumbu. Ya ce a ransa ai shi ke nan, alkawari na nan, ita ma in ta ga ɗanta a jirgi za ta huce. Gangar jikin aka tsaga, aka fitar da katakai masu kyau aka haɗa ƙaton allo, mai fenti ya zana jirgin sama da koren ganye a kai, da rubutun Turanci. Guntayen aka fere 'yan turaku na rubuta sunayen baƙi. Sauran duk masu bandar kifi suka kwashe. Da Zaidu ya dawo ya ga fili fetal, sai ya dafa kafaɗar Cindo ya ce, "Kai mutum ne mai hangen nesa." Cindo ya yi kwana uku yana maimaita wa mutane wannan magana.

Ranar da baƙi za su zo, ya zaro babbar rigar nan ta Birnin Kebbi ya saka. Aka yanka rago, aka haƙa rami za a gasa. Sai ga shi itacen bai isa ba, wanda aka tara ɗanye ne, hayaƙi kawai yake yi. Zaidu ya fara duba agogo yana tsaki, yana cewa shi fa ba ya son abin kunya gaban mutanensa. Cindo ya dubi wutar, ya dubi bayan rumbu. Ya ɗan tsaya, Allah ya sani ya ɗan tsaya. Sa'an nan ya ce wa kansa ai Inna da sauran ƙarfinta, kuma kututture zai sake tofo. Ya ɗauko gatari ya faskara reshen. Wuta kuwa ta kama da kyau.

Baƙi suka iso da hantsi, jajaye, cikin gajerun wanduna, kowa da na'urar hoto a wuya, suna shafe-shafen mai a hanci. Aka fito da dashen itacen turare cikin 'yan baƙaƙen ledoji, kowanne bai fi tsinken tsintsiya ba. A tsakiyar rani fa ake wannan, lokacin da ko mahaukaci ba ya dashe. Kowane baƙo ya durƙusa ya soka nasa, a kafa turke mai sunansa, a yi tafi, a ɗauki hoto. Wani har da share hawaye. Cindo na bin su da bokiti yana washe baki, yana cewa da su sannu cikin Turancin da bai wuce kalma uku ba.

Kafin azahar rana ta buɗe musu wuta. Babu inda za a fake, don inuwar da ke wurin an gasa rago da ita. Wata tsohuwar Baturiya, wadda fuskarta ta koma kamar gauta ja, ta lallaɓa ta zauna a kan kututturen tana fifita da malafa. Ta shafa sabon yankan da tafin hannu, ta ɓata rai, ta yi magana. Zaidu ya fassara: wai tana tambaya, me ya sa mutanen nan ba sa tausayin itace? Wa ya sare wannan?

Jama'ar tunga na tsaye a gefe, ana jiran a ji ta bakin mai gona. Cindo ya gyara wuyan riga.

"Hwaɗa mata jahilci ne. Mutanenmu ba su san darajar icce ba. Amma yanzu da sunka zo, za mu koya."

Tir! Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, amma wannan ko naɗewar bai iya ba.

Yana rufe baki mutane suka fara darewa. Inna Hansatu ce, da ƙullin kayanta a ka. Matar Samuel ce ta aika mata da saƙo ta bakin masu jirgin Shanga, ta baro jego ta taho. Tun daga cikin jirgi ta duba inda ta saba ganin gida ba ta ga kome ba. Ta sauke ƙullin, ta tako a hankali har gaban kututturen. Baturiyar ta ga tsohuwa 'yar'uwarta, sai murna ta kama ta. Ta miƙe ta ɗauko dashe guda, ta danƙa wa Inna a hannu, ta tsuguna tana nuna mata da yatsa yadda ake tona rami, yadda ake sa itace, yadda ake ba shi ruwa. Matar da ta yi shekaru tana ɗaukar tulu daga tafki, yau ita ake koya wa dashe. Na'urorin hoto suka yi ta ƙyaftawa.

Inna ba ta ko dube su ba. Ɗanta ta duba.

"Ina reshena?"

Cindo ya kau da kai. Idonsa ne ya ci amanarsa, ya tafi kan ramin gashi, inda ragon ke ɗigar da mai a kan garwashi. Ta bi idon nasa da kallo. Ta daɗe tana duban wutar. Kowa ya zaci za ta ɗaga nono ta tsine masa, har wasu mata sun fara cewa a ba ta haƙuri. Ba ta yi ba. Ta ajiye dashen a kan kututturen, ta ɗauki ƙullinta.

"Allah shi ba ka jirgin," ta ce, ta wuce gida.

Baƙi suka yi tafi, sun ɗauka albarka ta sa. Suka ci nama, suka yaba, suka shiga mota suka koma Kano su hau jirginsu da zuciya fara tas.

Cindo ya yi ban ruwa na 'yan kwanaki, sai ciwon ƙirjin nan nasa ya tashi. Abin da rana ta rage awaki suka ƙarasa, ko da yake an ce akuya ba ta cin turare. Na Sabon Gungu dai sun tattake abin da ba su ci ba. Turakun masu sunayen Turawa kuwa ɗaya bayan ɗaya suka shige murhun matan tunga. Allon ne kawai ya rage a tsaye, shi ma don ya yi nauyin ɗauka. Inna ta gwada sayen kalwa a kasuwar Wara, ta ga wahalar ta fi ribar, ta kife tukunyar daddawa. Ba ta sake taka gonar ba, ba ta kuma sake ta da maganar ba. Tana ba shi tuwo in ta samu, tana amsa gaisuwarsa. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Da shekara ta kewayo, Cindo ya wanke riga ya zauna bakin hanya. Farar motar ta zo, ta wuce shi ba ta ko rage gudu ba. Ya bi ta a ƙafa har wata tunga can gaba, ya tarar an shimfiɗa wa sababbin baƙi tabarmi a ƙarƙashin mangwarori, ana dashe a wani ɗan fili kusa. Zaidu ya ja shi gefe.

"Ka yi haƙuri, na bara sun yi ƙorafin rana. Wurinka babu inuwa."

"To, maganar Turai hwa?"

Zaidu ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ai ka je! Hotonka ya je. Na tsohuwarka ma shi aka fi so, yana gaban takardar tallarmu." Ya sa aka ba shi ragowar lemon kwalba. Shi kuma, don rashin zuciya, ya karɓa ya sha.

Damina biyu bayan haka Inna Hansatu ta kwanta, ba ta tashi ba. Ta cika da safe, Jummai na riƙe da kanta. Ana cikin wanka, masu haƙa sun tafi maƙabarta, Jummai ta fito tsakar gida ido jawur, ta tsaya gaban wanta a gaban mutane.

"Yaya, ina icce? Ta ce in tambaye ka. Ita ce maganarta ta ƙarshe."

Ya zari gatari ya ruga gona kamar wanda aka biyo. Kututturen na nan, gara ta cinye cikinsa, 'yan tofon da ya yi ko kaurin yatsa ba su kai ba. Ya zaga, ya sake zagawa. A duk faɗin duniya babu abin da ya rage na ɗorawar gungu sai allon nan da ya karkace a bakin gona. Ya sa gatari ya ɓamɓare shi daga ƙafafunsa, ya ɗora a ka, ya ratsa tsakiyar tunga da shi. Babu wanda ya ce masa sannu, babu wanda ya kama masa.

A maƙabarta aka ɓalle katakan, aka cire ƙusoshi. Wasu sun ruɓe a gefe, aka yar. Waɗanda suka rage aka gwada, suka rufe daga kai zuwa ƙirji, suka ƙare. Sai ga Samuel tsaye daga wajen shinge, da rassan tsamiyarsa a kafaɗa, ya riga ya sare su tun da ya ji rasuwar, don ya san maƙwabcinsa. Da su aka cike sauran. Liman ya dubi fentin ya ce a juya rubutun sama, kada a kifa mata shi a fuska. Aka ce ɗanta ya jera da hannunsa. Cindo ya durƙusa a bakin kabari ya jera, katako bayan katako, har zanen ya haɗu. Abin da ya gani na ƙarshe kafin a ɗora ganye a yaɓa laka shi ne jirgin sama da koren ganye, kwance a kan ƙirjin uwarsa.

Yana nan da ransa. Dako yake yi a bakin ruwan Wara ranar kasuwa, yana sauke buhunan albasar wasu. Yatsan na shida ma yana nan. In jirgi ya gifta a sama yara su kan kira shi, "Cindo, ga naka nan!" Shi dai sai ya sunkuyar da kai ya gyara buhu a wuya.